Batirin Mota A Fadamar Haɗejiya: Abin Da Ke Kashe Shi Da Yadda Ake Tsawaita Kwanansa

Wata shekara a tsakiyar watan Janairu, lokacin da masu nazarin tsuntsaye a ƙasashe da dama kan fita ƙidayar tsuntsayen ruwa, na ɗebi ɗalibai huɗu muka nufi dausayin Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kirikasamma. Motar da muka shiga irin wadda ke ja da ƙafafunta huɗu ce, wadda jama'a suka fi sani da jif, tana kuma shan man dizal. Mun kwana a wani ƙauye da ke gefen dajin, da niyyar mu yi sammako mu isa bakin ruwa kafin agwagi su watse. Da asuba direbanmu, wani dattijo da ya daɗe yana bin hanyoyin nan, ya murɗa mabuɗi. Inji ya yi nishi sau biyu kamar tsohon da ke son miƙewa, sa'an nan ya yi tsit. Ya sake murɗawa, sai ƙas-ƙas kawai ake ji.

Ya dube ni ya ce, "Malam, jiya da dare wa ya jona akwatin sanyin nan a jikin mota?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Ruwan gwajin da muka ɗebo ne ba na son ya lalace."

Ya ce, "To, ai ga shi ruwanka ya kwana lafiya."

Turawa ba ta yiwu ba, domin ƙafafun motar sun nutse cikin rairayi. Sai da Bulaman garin, Allah ya saka masa da alheri, ya sa aka kawo bijimai biyu na huɗa suka ja ta zuwa inda ƙasa ke da tauri, kana ta tashi. Kafin nan hantsi ya dubi ludayi, agwagi sun tafi kiwo, ƙidayar ranar ta wuce mu. Mu dai asararmu ba ta wuce ta yini ɗaya ba. Amma mai karatu ya tuna cewa irin waɗannan motoci su ne ke kai allurar rigakafi ƙauyukan Guri da Auyo da Birniwa, su ne kuma wani lokaci kan ɗauko mai naƙuda cikin dare. A kan kwalta, in batir ya mutu, wata mota za ta zo wucewa. A cikin fadama kuwa mutum na iya yini bai ji ƙarar inji ba.

Na amsa laifina a ranar, amma daga baya na gane cewa akwatin sanyin ƙarasa aiki kawai ya yi. Batirin ya soma mutuwa tun bazarar da ta gabata. Domin a fahimci yadda haka ke faruwa, tilas mu leƙa cikin baƙin akwatin nan da ke zaune a gefen inji.

Daga minjirya zuwa dalma

Wani zai ce, ina ruwan malamin ilimin halittu da batir? Ai kuwa daga jikin dabba labarin ya faro. A shekarar 1791 wani likita ɗan Italiya, Luigi Galvani, ya wallafa bayanin yadda ƙafar matacciyar kwaɗo ke zabura in an taɓa jijiyarta da ƙarafa. Ɗan ƙasarsu Alessandro Volta ya yi jayayya da shi kan dalilin zaburar, kuma cikin neman hujja ne ya ƙera batir na farko a 1800, ta hanyar jera faya-fayan ƙarafa iri biyu da jiƙaƙƙen kwali a tsakaninsu. Shi kansa Volta ya kamanta abin da ya ƙera da gaɓar kifayen da ke jan mutum da lantarki. Masuntan Haɗejiya ba sa bukatar a yi musu bayanin irin wannan kifi, domin sun san minjirya. A ƙarƙashin fatarta akwai dubban ƙwayoyin halitta, kowace ɗaya ƙarfin da take bayarwa bai kai ya kawo ba, amma da yake a haɗe suke, babbar minjirya kan iya sakin ƙarfin da ya kai bolt 350.

Batirin mota ma jeri ne, sai dai nasa gajere ne. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau ginshiƙin aikinsa bai sauya ba. A cikinsa akwai ɗakuna shida, kowane ɗaki yana ba da bolt 2.1, jimla 12.6. Kowane ɗaki yana ɗauke da faya-fayai iri biyu da aka jera kusa da kusa ba tare da sun taɓa juna ba. Iri na farko dalma ce zalla mai laushi kamar soso, na biyu kuwa dalma ce da ta haɗu da iskar oksijin. Dukansu suna nutse cikin ruwan da muke kira ruwan batir, wanda kusan kashi ɗaya cikin ukunsa asid ne mai suna salfiyurik, sauran kuma tsabtataccen ruwa.

Idan batir yana ba da wuta, asid ɗin yakan bar cikin ruwa ya haɗu da dalmar faya-fayan nan biyu, ya zama wani farin gishiri da za mu kira gishirin dalma. Ruwan kuma sai ya yi ta tsinkewa. Idan inji ya tashi, na'urar caji da makanikai ke kira altaneta takan tura wuta ta mayar da abin baya: gishirin ya narke, asid ya koma cikin ruwa, faya-fayai su koma yadda suke. Wato batir ba tulu ba ne da ake zuba wa lantarki a ajiye. Sinadarai ne ke kai da komowa, kuma duk abin da ya shafi lafiyar batir yana rataye ne a kan wannan kai da komowa.

Ga inda gizo ke saƙa. Gishirin dalma yana da laushi a farkon samuwarsa, yana kuma narkewa cikin sauƙi in an yi caji da wuri. Amma in aka bar batir babu caji na kwanaki ko makonni, gishirin yakan daskare ya zama manyan ƙwayoyi masu tauri, waɗanda caji ba ya iya narkarwa. Duk wurin da suka rufe a jikin faifai ya fita daga aiki ke nan har abada. Batirin zai ci gaba da nuna kamar lafiya lau yake, amma cikinsa ya ƙanƙance.

Bazara da hunturu

Ɗalibin ajin kimiyya ya san wata ƙa'ida da masana ilimin halittu ke yawan amfani da ita: in zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, saurin haɗuwar sinadarai yakan kusan ninkawa biyu. Shi ya sa furar da za ta kwana lafiya a watan Disamba takan yi tsami kafin la'asar a watan Afrilu, shi ya sa kuma talibambam ya fi saurin zama kwaɗo a ruwa mai ɗumi. Batir bai fita daga wannan ƙa'ida ba. Masu ƙera shi suna auna ingancinsa ne a zafin da bai wuce digiri 25 zuwa 27 ba. A Haɗejiya kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, zafin rana kan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin murfin injin motar da ke ta fama da yashi a ƙaramar giya, inda ake iya wuce digiri 60.

A cikin irin wannan zafi abubuwa uku ne ke faruwa lokaci guda. Ragar dalmar da ke riƙe da faya-fayai takan yi saurin zagwanyewa. Ruwa yakan yi saurin ƙafewa, har kawunan faya-fayai su fito fili su bushe. Sa'an nan batir yakan yi saurin zubar da cajinsa shi kaɗai ko da ba a jona masa komai ba. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, a lokacin zafin batir ya fi nuna kuzari, domin ƙa'idar da ke cinye shi ita ce kuma ke ƙara masa ƙarfin tayar da inji. Mota tana tashi bugu ɗaya, direba yana yabon batirinsa, alhali kuwa ɓarna tana ta gudana a ciki.

Sai hunturu ya zo asiri ya tonu. Da sanyin asuba sinadarai sun yi nauyi, baƙin mai ya yi kauri, injin dizal kuma, wanda ba shi da fulogin tartsatsi sai dai ya matse iska har ta yi zafin kunna mai, yana bukatar a juya shi da ƙarfi, ga kuma hitocin da ke ɗumama shi suna jan tasu wutar tun kafin a murɗa. Sanyinmu bai kai na ƙasashen da ruwa ke daskarewa ba, saboda haka lafiyayyen batir ba ya kasawa a hunturun Jigawa. Wanda ya kasa, to da ma bazara ta riga ta gama da shi. Don haka ni a ganina watan da ya kamata a fi damuwa da batir shi ne Maris, kafin zafi ya kankama, ba Disamba ba lokacin da kowa ke rububin zuwa wurin mai caji.

A batirin da ke da murafu shida, sai a riƙa buɗewa ana dubawa ko da sau biyu a wata a lokacin zafi. Ruwa ya rufe faya-fayai da kimanin santimita 1. In ya ragu, abin da za a ƙara shi ne tataccen ruwa, wato wanda aka tafasa aka tari tururinsa. Ba a ƙara asid, domin ruwa ne ya tafi, asid ɗin yana nan. In an ƙara shi sai ya yi kauri ya ƙara cin faya-fayai. Wannan kuskure ya yaɗu ƙwarai saboda suna ɗaya muke kiran abubuwan biyu da shi, mai saye ya ce a ba shi ruwan batir, mai sayarwa ya miƙo abin da ke kusa. Ruwan rijiya da na burtsatse da na leda duk ba su dace ba, saboda gishirin da ke narke cikinsu, musamman a yankinmu inda ruwan wasu rijiyoyin har ɗanɗanon kanwa gare shi. Makarantar da ke da ɗakin gwaji tana iya tace nata ruwan, kuma aiki ne mai kyau ga 'yan aji huɗu.

Yawancin batiran da ake sayarwa yanzu a rufe suke ruf, ba a ƙara musu ruwa. Sun fi jimirin riƙe ruwansu, amma wanda ya tafi ya tafi ke nan. Ɗan idon nan mai launin kore da ke samansu kuwa, ɗaki ɗaya kawai yake dubawa cikin shida, saboda haka kada a ɗauki shaidarsa a matsayin ta gidan gaba ɗaya.

Gargada, taɓo da ruwa

Abokin gaba na biyu shi ne girgiza. Hanyoyin da suka ratsa jigayi da busassun fadamu cike suke da gargada da sawun shanu da ya bushe ya yi tauri kamar dutse. Kowace jijjiga tana kakkaɓe ɗan abin da aka shafe faya-fayai da shi, ya gangara ƙasan ɗaki ya taru. Ranar da tarin ya kai ga taɓa faya-fayai biyu, ɗakin ya mutu, batir mai bolt 12.6 ya koma 10.5. Sau nawa na buɗe murfin inji na tarar an ɗaure batir da tsinken roba ko igiyar kaba! Maɗaurin ƙarfe da masu ƙera mota suka sa ba ado ba ne. In ya karye a gyara shi, a ɗaure batirin yadda in an girgiza shi da hannu ba zai motsa ba. Batirin da ke tsalle yana iya kai kansa mai alamar tarawa ga ƙarfen murfi, kuma daga nan sai gobara.

Ruwa kuwa ya zama abin da direban wannan yanki zai sa rai da shi ko da rani. Tun bayan da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin gudun Kogin Haɗejiya ya sauya, ruwa ya riƙa zuwa a lokutan da a da kogin kan janye. Wannan ya taimaka wa ciyawar kacala ta toshe magudanai da dama, ruwa ya riƙa malala inda ba a saba ganinsa ba. Ga kuma manyan ambaliyoyi irin na 2020 da 2022 da suka yanke hanyoyi da yawa a masarautar. Ratsa ruwa sau ɗaya ba ya kashe batir, amma yakan bar baya da ƙura. Taɓo yakan shiga altaneta ya toshe ta, bel ɗin da ke juya ta ya jiƙe ya riƙa santsi, sai caji ya tsaya direba bai sani ba. Bayan an fita daga ruwa a dubi jar fitilar nan mai hoton batir da ke gaban direba. In ta kama alhali inji na aiki, to motar tana cin ajiyarta ne kawai, sai a kashe duk abin da ba dole ba a nemi gari mafi kusa, kada kuma a kashe inji a hanya.

Lakar da ta bushe a saman batir, in ta haɗu da ƙurar hunturu da ɗan danshin asid, takan zama siririyar hanya da wuta ke bi daga kai zuwa kai dare da rana. Haka nan farin gari ko shuɗi-shuɗin da ke taruwa a kawunan batir yakan hana wuta wucewa, har a zargi batir alhali lafiyarsa ƙalau. Maganin wannan yana cikin ɗakin girkin kowace uwa. Kanwa kishiyar asid ce. A jiƙa 'yar kaɗan a ruwan ɗumi, a goge kawunan da tsohon buroshi, za a ga tana kumfa, a ɗauraye, a bushe, a ɗaure tam, a shafa ɗan basilin ko girisi. A kula kada ruwan kanwar ya shiga cikin ɗakuna, domin can ma aikin da zai yi ke nan, ya kashe asid. Malamin da ke son nuna wa ɗalibai wannan sai ya matsa lemun tsami a kan garin kanwa. Ba sai an kawo asid ɗin batir cikin aji ba.

In za a kwance batir, a fara cire wayar da ke kan alamar ɗebewa, wadda ke haɗe da jikin mota. In za a mayar, ita ce ta ƙarshe. Dalili shi ne, muddin tana haɗe, duk ƙarfen motar hanya ce ta wuta, kuma sifana ɗaya da ta taɓa ɗaya kan da jikin mota ta isa ta narke a hannun mutum.

Makwarwa da agwagwar ƙetare

Yanzu bari mu koma ga laifina. Duk wanda ya taɓa fige makwarwa ya san naman ƙirjinta fari ne. Irin wannan tsoka an yi ta ne domin tashi guda mai ƙarfi: ta yi firr, ta yi 'yar tafiya, ta sauka. Agwagin da ke zuwa mana daga Turai da Asiya kowace shekara kuwa naman ƙirjinsu ja ne, mai yawan jini, an yi shi domin doguwar tafiya a hankali. Batirin tayar da mota makwarwa ce. Faya-fayansa sirara ne masu yawa, domin ya saki wuta mai yawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Akwai wani iri dabam mai faya-fayai masu kauri, irin wanda ake haɗawa da faifan hasken rana, wanda aka yi domin a riƙa jan wutarsa sannu a hankali tsawon dare. Ni kuwa na sa makwarwa tafiyar agwagwa.

Ga lissafin, ɗalibai su gwada da kansu. A jikin batir za a ga an rubuta, alal misali, 70Ah. Ma'anarsa ita ce zai iya ba da amfiya 3.5 har tsawon awa 20. Kik ɗin injin dizal yana iya jan amfiya 300, abin ban tsoro a ji, amma na daƙiƙa 5 ne kawai. In an ninka 300 sau 5 aka raba da 3,600, wato daƙiƙoƙin awa guda, za a sami 0.42, ko rabin ɗaya cikin saba'in ɗin nan bai kai ba. Akwatin sanyina kuwa amfiya 4 kacal yake ja, amma ya yi awa 10 yana ja, jimla 40. Ya cinye fiye da rabin sabon batir, balle wanda bazara ta riga ta ƙanƙantar. Manyan fitilun gaba biyu masu wat 55 kowace suna jan kimanin amfiya 9, saboda haka wanda ya haska su domin a ci tuwon dare a sansani ya san abin da yake saye. Batirin tayar da mota ba ya son a sauke shi ƙasa sosai, kuma kowace irin wannan saukarwa tana rage masa kwana ko da an sake cika shi.

Motar da aikinta ya ƙunshi firji na magani ko na gwaji, ko injin jan mota daga taɓo, ko cajin wayoyi da kwamfutoci a daji, tana bukatar batir na biyu irin mai jimiri, da makunnin da ke raba shi da na farko da zarar inji ya tsaya. Wasu motocin dizal kuma suna zuwa da batir biyu a jere masu ba da bolt 24. Waɗannan tagwaye ne: tare ake saye, tare ake canzawa, kuma ba a jona rediyo ko fitila a jikin ɗaya kaɗai, domin wanda ake ja zai riƙa zama da yunwa, ɗan'uwansa kuma caji ya yi masa yawa.

Zama ma yana kashe batir, wataƙila fiye da aiki. Motocin ma'aikatu da na ayyukan bincike sukan shafe makonni a ajiye, ana jiran damina ta wuce ko ana jiran kuɗin mai. Al'adar tayar da inji na minti biyar da safe ba ta mayar da abin da aka rasa. Ana bukatar tafiya ta aƙalla rabin awa, kuma batirin da ya sauka sosai sai an kai shi caji a hankali na awoyi da yawa. In mota za ta daɗe a tsaye, a ajiye ta a inuwa, a cire wayar alamar ɗebewa, ko a haɗa mata ɗan ƙaramin faifan hasken rana mai na'urar daidaita caji. Rana dai ba ma rasa ta.

Abin da zai raba gardama shi ne 'yar mitar auna lantarki, wadda kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin batir ba. A auna da safe kafin a tayar da inji. Bolt 12.6 cikakke ne, 12.4 saura kimanin kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi, 12.0 kuwa a nemi caji a ranar. In inji yana aiki, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5. Ƙasa da haka altaneta ba ta ciyar da batir, sama da 15 kuma dafa shi take yi. Ko a kanti, kafin a biya kuɗin sabon batir, a ɗora masa mita, domin wanda ya shekara a kan kanta cikin zafi ya tsufa tun bai shiga mota ba.

Dabaru biyu na bakin tasha

Akwai abubuwa biyu da nake gani a tashoshin mota waɗanda ya kamata a daina. Na farko shi ne gwada batir ta hanyar haɗa kawunansa biyu da waya a ga tartsatsi. Batirin da ke caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da ita, batir ya fashe, asid ya watsu a fuska. Saboda wannan dalili ne ba a leƙa cikin batir da ashana, ba a kuma shan taba kusa da shi. In tsautsayi ya sa asid ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, a garzaya asibiti. Kanwa ta kan batir ce, ba ta ido ba.

Na biyu shi ne aro batir a tayar da mota, sa'an nan a cire shi inji na gudu a mayar da mataccen. Tsofaffin motoci sukan jure wannan wani lokaci. Amma a daidai lokacin da aka cire batir, ƙarfin wutar altaneta yakan yi tsalle sama, kuma motocin yanzu da kwamfuta ke sarrafa injinsu suna iya yin asarar abin da ya ninka kuɗin batir sau da yawa. Hanyar da ta dace ita ce wayoyi biyu masu kauri: ja daga alamar tarawa zuwa alamar tarawa, baƙa daga alamar ɗebewa ta lafiyayyen batir zuwa wani ƙarfe a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batirinta. Kada a murɗa kik fiye da daƙiƙa 10 a jere. A huta minti guda a sake. Yanzu akwai kuma ƙananan akwatunan litiyam na tayar da mota, masu shiga aljihun riga, waɗanda da muna da ɗaya a Baturiya da bijimai sun huta. Su ma ba a barin su cikin rufaffiyar mota a rana.

Bayan ya mutu

Fiye da rabin nauyin batir dalma ce, kuma a nan ne malamin ilimin halittu ya fi kowa haƙƙin magana. Jikin ɗan Adam yakan ɗauki dalma tamkar sinadarin kalsiyam, ya kai ta ƙashi da ƙwaƙwalwa. Tana hana jini ƙeruwa yadda ya kamata, tana dakushe basirar yaro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadinta a jini da za a ce ba shi da illa. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga duwatsun zinariya ta fito. Wadda ta fito daga batir kai tsaye ita ce ta unguwar Thiaroye-sur-Mer a gefen Dakar ta ƙasar Senegal, inda yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a wurin da aka daɗe ana fasa tsofaffin batira ana tono dalmarsu.

A yankin masunta jarabar tana da ƙarfi, domin dalma ita ce ke nutsar da bakin birgi da koma, kuma ga ta a araha cikin mataccen batir. Amma wanda ya narka ta a tsakar gida, hayaƙinta da ƙurarta suna sauka ne inda yara ke rarrafe, tukunyar da aka yi aikin da ita kuma ta tashi daga ta abinci. Asid ɗin da aka tuttular a ƙasa yana ɗauke da narkakkiyar dalma zuwa ruwan da ake kamun kifi a ciki. Agwagi ma sukan haɗiyi gutsattsarinta a zaton tsakuwar da suke tarawa a ƙundu domin niƙa abinci, ƙundun ya niƙe ta, ta shiga jini. Dausayin Baturiya yana cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar tun 2008, tafkin Nguru da mashigin Marma kuwa tun 2000, kuma tsuntsun da ya sha guba a nan yana iya zuwa ya mutu a wata nahiya.

Kusan dukkan dalmar tsohon batir ana iya sake narka ta a masana'anta a yi sabo da ita, shi ya sa masu sayarwa ke karɓar tsoho su rage kuɗi. Namu na Baturiya bai sake riƙe caji ba. Mun dawo da shi Haɗejiya a tsaye cikin kwali, murafunsa a rufe, Baba direba ya yi ciniki aka rage mana wani abu a kan sabo, ya kuma sa aka ƙera masa maɗaurin ƙarfe kafin mu koma daji washegari.